Sana'ar Su: Kamun Kifi da Fatsa

1.0 Gabatarwa

Su na nufin kamun kifi. Mai yin sa shi ne masunci, jam'i masunta, shugabansu kuwa Sarkin Ruwa.

2.0 Fatsa

Fatsa ƙugiya ce da ake ɗaurewa da zare a bakin sanda, a soka mata tana, a jefa cikin ruwa. A birnin Kano yara sun daɗe suna kama tarwaɗa da karfasa da ita a kududdufai, wato ramukan da aka haƙa don ɗibar ƙasar gini. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa a 1992 sun buɗe wa masunta sabon fage. A Turai kuwa, maimakon tana, akan sarrafa gashin tsuntsu ya yi kama da ƙwaro domin yaudarar kifin tafkunan kan duwatsu.

3.0 Kammalawa

Yayin da ake cike kududdufai ana gina gidaje, kalmomin wannan sana'a suna ɓacewa daga bakin yara. Wajibi ne malami ya tattaro su daga masunta, ya koyar da su.

4.0 Auna Fahimta

Bambanta tsakanin fatsa da koma da birgi.