Matakan Sauke Kitsen Hanta ga Mai Ƙiba a Garuruwan Sinnar

Kitsen hanta ba ya saurin nuna kansa. Mai tumbi ko mai ciwon suga kan yi shekaru da shi lafiya lau, sai ran da aka yi hoton ciki. Sauƙin abin, idan nauyi ya ragu hanta kan saki kitsen.

1. Fara da gwaji. A Mai Wurno da ƙauyukan Jazira, ba kowane ciwon hanta ne na kitse ba. Magudanan da madatsar Sinnar ke shayarwa tun 1925 cike suke da katantanwar tsargiya, ita kuwa tsargiyar hanji tana taurara hanta. Ka nemi hoton ciki, gwajin bayan gida, da na jini don suga da ciwon hanta nau'in B.

2. Yanke adadi. Mai kilo 100 in ya sauke 5, kitsen zai ragu. In ya sauke 7 zuwa 10, kumburin hanta kan lafa, tabonta ma yakan fara sauƙi. Rabin kilo zuwa ɗaya a mako ya isa. Yunwar ganganci tana jawo duwatsu a matsarmama.

3. Kama hannun mai shayi. A ganina nan aikin yake. Sukari ƙaramin cokali 3 a kofi, kofi 4 a yini, ka sha cokali 12 ke nan, iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa baligi, ba a ma lissafa karkade, lemon kwalba, zalabiyar safe ko hilu-mur na azumi ba. Rarar sukari hanta ce ke mayar da ita kitse. Rage cokali ɗaya kowane mako har harshe ya saba. Jabana, wato gahawa, ba laifi, tana ma taimakon hanta, in dai ba a narka mata sukari ba. Gidan baƙunci ne da wuya, don ƙin shayi kamar raini ne. Karɓi, ka ce a zuba kaɗan.

4. Gyara akushi. Kada ka bar kisra da asida, rage malmala kawai. Ƙara ful, kuɓewa, ganye da gasasshen kifin kogi. Agashe sai jefi-jefi.

5. Taka. Minti 150 a mako, wato rabin awa kwana 5, da saurin da zai sa ka haki. Bayan asuba ya fi, kafin rana ta buɗe.

6. Koma wa likita bayan wata 6, da duk wani jiƙo ko maganin rage ƙiba da kake sha, don wasunsu na lahanta hanta. In ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura, ko aka yi aman jini, asibiti a ranar.