Shimfiɗa Daɓen Katako da Kula da Shi a Ƙasar Hunturu da Damina

Daɓen katako shi ne rufe ƙasan ɗaki da falankan itace mai tauri, waɗanda ake jerawa gefe da gefe har su haɗe su zama shimfiɗa guda. Sana'ar ta fi kafuwa a Turai da Amurka, inda ake yawan amfani da itacen da ake kira ok, kuma tun ƙarshen ƙarni na 17 aka ƙawata ɗakunan fadar Basai ta Faransa da irin wannan daɓe. Afirka ta Yamma tana da nata itatuwan da suka dace da aikin, kamar loko da kawo da maɗaci, da kuma tik wanda ake dasawa a gandun daji na kudancin Nijeriya. Madobiya ma tana da kyau ƙwarai, sai dai an yi mata saran ƙare dangi ana fitar da ita zuwa ƙasar Sin, har ta kai ga sanya ta a 2017 cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙayyade cinikinsu tsakanin ƙasashe.

Wajibi ne mai gida ya fahimci cewa katako, ko da an sare shi shekaru da yawa, ba ya daina shan laima daga iska yana kumbura, ko sakinta yana tsukewa, kuma wannan motsi ya fi ƙarfi a faɗin falanki, domin tsawonsa ba ya sauyawa sai kaɗan. A ɗakunan ƙasashen sanyi ana son laimar da ke cikin katako ta tsaya tsakanin kashi 6 zuwa 9 cikin ɗari na nauyinsa. A gari irin Kano kuwa, laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari a tsakiyar hunturu, sannan ta haura kashi 70 a watan Agusta, saboda haka falankin da aka shimfiɗa a tsuke cikin Janairu zai nemi wurin buɗewa da damina, idan kuma bai samu ba sai gefunansa su ɗaga ko daɓen ya yi tozo a tsakiyar ɗaki. Wanda aka shimfiɗa a jiƙe kuma yakan bar tsagogi idan iskar hunturu ta busa. Galibin ɓarnar da ake ɗora wa kafinta laifinta daga nan take tasowa, kuma siririn falanki ya fi mai faɗi jure wannan sauyi.

Don haka ba a shimfiɗa ɗanyen katako, kuma ba a dogara da ido ko bakin mai sayarwa wajen sanin bushewarsa, tunda akwai ƙaramar na'urar awon laima da ake dangwala wa falanki. Bayan an kawo katakon, sai a jera shi cikin ɗakin da za a yi aikin, da sarari tsakanin falankai, na mako ɗaya ko biyu, domin laimarsa ta daidaita da ta ɗakin. Daɓen simintin da ke ƙasa shi ma dole ya bushe sarai, kuma magina kan ƙiyasta kimanin wata guda ga kowane milimita 25 na kaurinsa. Ana daidaita shi da lebur, a sa leda mai kauri ko a shafa maganin da ke tare laima, sannan a yi feshin gara, domin ko loko da tik da suke jure mata ba su hana ta cin katakon da ke ƙarƙashinsu.

Kowane falanki yana da harshe a gefe ɗaya da rami a ɗaya gefen, harshen wannan ya shige ramin wancan. Idan akwai katako a ƙasa, ana buga ƙusa a karkace ta cikin harshen domin kanta ya ɓuya, idan kuwa siminti ne sai a liƙa da gam mai talewa. Abin da ba a sassautawa a kansa shi ne barin tazarar milimita 10 zuwa 15 tsakanin daɓe da bango ko'ina a zagaye, wadda ake rufewa da siririn katakon gindin bango. Kafintan da ya matse falanki da bango don a yaba tsaftar aikinsa ya cuci mai gida.

Kulawar yau da kullum ba ta da wuya, in dai an sauya ɗabi'ar wankin daɓen siminti. Ba a kwara ruwa, ana dai gogewa da tsumman da aka matse sosai, kuma ruwan da ya zube daga buta ko kwano a tsane shi nan take. Shi ya sa daɓen katako bai dace da banɗaki ko wurin alwala ba. Ƙura da yashi suna cin man da aka shafa wa fuskar katako kamar samfefa, don haka shara da tsintsiya mai laushi da tuɓe takalmi a bakin ƙofa, wanda dama al'ada ce a gidajen Hausawa, suna ƙara masa kwana. Ana liƙa ƙyalle mai kauri a ƙafafun kujeru, a kuma sa labule inda rana ke faɗowa don kada launi ya sauya. Idan fuskar ta dushe bayan shekaru, ana kankare ta da inji a sake shafa mai, kuma falanki mai kaurin milimita 18 zuwa 20 yana ɗaukar wannan gyara sau da dama kafin a kai ga harshensa, inda tilas a dakata.