Kafin Ka Sa Kaki: Yadda Ake Shiga Aikin Ɗan Sanda Daga Jibia

Yaron da ya tashi a Jibia yana sanin kaki kala-kala tun kafin ya iya karatun boko. Daga Katsina zuwa Magama shinge ne bayan shinge: ga kwastam, ga jami'an shige da fice, ga soja, ga ɗan sanda, ga masu farautar miyagun ƙwayoyi. Idan ka tsallaka Ɗan Isa kuma jandarmomi da 'yan duwan na Nijar ne za su tare ka. Don haka ba abin mamaki ba ne saurayi ya gama sakandare ya ce shi kaki zai sa. Inda matsalar take shi ne, abin da ya fi gani a aikin shi ne direba yana miƙa hannu ta taga, sai ya ɗauka aikin ke nan. Wanda ya shiga da wannan lissafi yakan yi da-na-sani tun bai shekara ba.

Fara da sanin wane kakin kake nufi

Mutane kan haɗa su duka su ce "ma'aikata," amma kowane da ƙofar shigarsa. Kwastam kaya suke bi da haraji, kuma hukumarsu ce ke ɗaukar ma'aikatanta. Shige da fice mutane suke bi da takardunsu, kuma hukuma guda ce ke ɗaukar musu ma'aikata tare da na Sibil Difens da na gidan gyaran hali da 'yan kwana-kwana. Ɗan sanda kuwa nasa ya fi faɗi: sata, kisa, rikicin gona, haɗarin mota, zaɓe, rakiyar fursuna zuwa kotu.

Sai kuma abin da yake rikita matasa da yawa. 'Yan sandan da kake gani a Jibia ba na jihar Katsina ba ne. Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya kafa runduna guda ɗaya ga ƙasar baki ɗaya, kuma kwamishinan da ke Katsina daga Sufeto Janar na Abuja yake karɓar umarni. A da Arewa tana da nata 'yan doka na En'e, waɗanda ke ƙarƙashin sarakuna, har gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar tarayya bayan juyin mulkin 1966. An daɗe ana muhawarar a ba jihohi damar kafa nasu 'yan sanda, amma kada ka gina rayuwarka a kan muhawara.

Abin da jihar ta mallaka shi ne dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023, mutum sama da 1,400 a rukunin farko, waɗanda aka ɗebo daga ƙananan hukumomin da ɓarayin daji suka addaba, har da Jibia. Aikin sadaukarwa ne, kuma a gida ake yin sa. Sai dai ba shi da tsanin muƙamai irin na rundunar tarayya, inda mutum zai fara daga kurtu ya zama kofur, ya zama saje, ya zama sufeto, in da rabo har ya wuce nan.

Ƙofa biyu ce, zaɓi taka tun da wuri

Ta farko ita ce ta kurtu. Ana neman mai shekara 18 zuwa 25, mai kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a WAEC ko NECO ko NABTEB, a zama ɗaya ko biyu. Tsayin namiji kada ya gaza mita 1.67, na mace mita 1.64, kuma ƙirjin namiji idan ya ja numfashi ya kai santimita 86. Horo yakan ɗauki kimanin wata 6 a kwalejojin 'yan sanda irin na Kaduna da Maiduguri da Ikeja, ko a ƙananan makarantun horo da ke wasu jihohi.

Ta biyu ita ce makarantar Wudil a jihar Kano, wadda take ba da digiri. Ta JAMB ake shiga, ana neman mai shekara 17 zuwa 22, ana yin shekara 5, a fito da digiri da muƙamin ASP. Ni a ganina, duk yaron da takardunsa suka yi kyau kuma shekarunsa ba su wuce ba, ya fara gwada Wudil. Muƙamin da ɗan Wudil yake samu ranar da ya fito, kurtu na iya shafe fiye da shekara 15 yana rana da ruwa bai taɓa shi ba. Gaggawar a fara karɓar albashi ta sa yara masu ƙwaƙwalwa da yawa sun bi gajeriyar hanya, daga baya suna ƙame wa ƙannensu.

Gyara takardunka tun ba a buɗe shafin ba

Nan ne mutanenmu suka fi faɗuwa, tun kafin a auna tsayin kowa. Ɗauko katin NIN da sakamakon jarabawa da takardar haihuwa da shaidar firamare ka jera su a tabarma. Shin sunan iri ɗaya ne, harafi da harafi? Wani a makaranta Sani Lawal ne, a NIN kuma Muhammad Sani Lawal Jibia. Wani an rubuta masa 1 ga Janairu a wannan takarda saboda ba a tuna ranar ba, a waccan kuma wata rana daban. Kwamfuta ba ta san kara ba. Gyara a ofishin NIMC yana cin lokaci, don haka a yi shi watanni kafin sanarwa.

Ka nemi takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma daga sakatariya. Tana da muhimmanci domin ana raba guraben ne ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, wato kai da 'yan Jibia kake takara, ba da dukan ƙananan hukumomi 34 na jihar ba. A garin iyaka irin namu, inda mutum uwarsa 'yar Madarumfa ce ko kakansa ɗan Maraɗi, mai unguwa da dagaci da hakimi su ne za su tsaya maka a kan cewa kai ɗan ƙasa ne. Ka gaishe su tun ba ka da buƙata. Akwai kuma fom na wanda zai tsaya maka, wanda babban mutum mai muƙami zai sa wa hannu, shi ma ba ranar tafiya ake nemansa ba.

Lambar waya da adireshin imel su zama naka na kanka. Kada ka bar mai shagon kwamfuta ya sa nasa, domin ta nan za a kira ka, kuma kai za a nema a rasa.

Ba a sayen gurbi

Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, wato PSC, ita ke da hurumin ɗaukar kurata, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a 2023 bayan doguwar taƙaddama tsakaninta da rundunar. Ta intanet ake cike fom, kyauta, a shafin da hukumar ta sanar. Duk da haka, da zarar an ji ƙishin-ƙishin ɗaukar aiki sai 'yan damfara su fito kamar farin ɗango: wannan ya ce yana da oga a Abuja, wancan ya turo saƙo a WhatsApp da hoton takarda mai tambari. Sai uba ya sayar da sa ko ya jinginar da gona. Wanda ya biya bai samu ba, ba shi da inda zai kai ƙara ba tare da ya tona kansa ba. Wanda kuma aka ba takardar bogi yakan isa har ƙofar kwaleji kafin a kore shi, wani lokaci ma a tsare shi.

Ranar tantancewa

A Katsina ake yi, a wurin da rundunar jihar ta sanar, kuma akan ware wa kowace ƙaramar hukuma ranarta. Akan ce a zo da farar riga mai gajeren hannu da farin gajeren wando, da takardu na asali da kwafinsu a cikin fayil. Za a auna tsayi da ƙirji, a duba ƙafa da ido da yadda kake magana. Daga nan sai jarabawa a kwamfuta. Idan ba ka taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, ka je ka biya kuɗin awa kaɗan ka koya, ka kuma maimaita Turanci da Lissafi da sanin ƙasa. Sai gwajin lafiya, wanda ya haɗa da na ƙwaya. Mai shan tiramol ko wiwi ya sani jini da fitsari ba sa rufa asiri. Mace mai juna biyu ba a ɗaukarta a wannan zagaye.

Ka fara gudu da safe tun yanzu. Fareti a rana da tsallen kwaɗo ba su san ɗan wane ba.

Zauna da iyayenka ku yi maganar da ba a so

Wannan matakin ba ya cikin fom, amma ya fi sauran nauyi. A farkon 2022 'yan bindiga suka kai hari Magama, aka kashe DPO na Jibia a wajen kai ɗauki. Babban jami'i ke nan, mai mota da yara a bayansa. Sulhun da aka ƙulla da 'yan bindigar yankin a 2025 ya sa an ɗan sarara, amma wanda ya sa kaki ya san cewa inda jama'a ke gudowa, nan za a ce ya nufa. Mahaifiyarka ta ji wannan daga bakinka, ta sa maka albarka da saninta.

Albashin kurtu ƙarami ne, ɗakunan bariki da yawa sun lalace, kuma a watan Yulin 2025 tsofaffin 'yan sanda sun yi zanga-zanga a Abuja a kan fansho. Ana yin ritaya ne bayan shekara 35 a aiki ko cika shekara 60 da haihuwa. Nemi wani kofur ko saje da ka yarda da shi ka tambaye shi abin da ke shiga asusunsa a wata bayan an cire na cirewa, da abin da yake kashewa a kan kaki da takalmi da haya. Shi zai gaya maka gaskiyar da sanarwa ba ta faɗa.

Idan aka turo ka gida

A 'yan shekarun nan akan mayar da sababbin kurata yankunansu domin sun san harshe da lunguna, kodayake runduna ta tarayya ce, rana ɗaya takarda za ta iya jefa ka Bayelsa. Mutane suna ganin aiki a gida gata ne. A Jibia jarabawa ce.

Garin nan da iyaka yake ci. An rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibia ba sai Afrilun 2022. An sake rufewa a Agustan 2023 bayan sojoji sun kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Nijar, aka buɗe ta ɓangaren Najeriya a Maris na 2024. Duk lokacin da aka rufe babbar ƙofa, hanyoyin daji ne ke raya gidaje: buhun shinkafa biyu a kan babur, jarkokin fetur, taliya, dabino. Masu wannan fito ba baƙi ba ne a wurinka. Abokin makarantar allonka ne, ko mijin yayarka, ko kawun da ya biya maka kuɗin NECO. Ranar da ya tsaya a shingenka ya ce, "Ɗana, ai kai ne a nan? Alhamdu lillahi," me za ka ce masa? Kuma a cikin jarkoki goma da suka wuce, wata ba kasuwa za ta ba, daji za ta, wurin waɗanda za su zuba a babur su dawo su kwashe ƙauyenku. Ka yanke wa kanka hukunci tun kana farar hula, ka kuma gaya wa dangi tun kafin ka tafi horo, domin a bakin shinge babu lokacin shawara.

Akwai kuma haɗarin da ɗan gida ya fi baƙo fuskanta: kowa ya san ƙofar gidanku. Kada ka riƙa ba da labarin aiki a majalisa ko teburin mai shayi, kada ka sa hotonka da bindiga a Facebook ko TikTok.

Na goro kuwa da naira ɗari yake farawa. Wanda ya karɓa sau ɗaya a gaban direbobin tashar Jibia ya gama zubar da girmansa, domin kafin la'asar labarin ya kai Katsina ya kai Maraɗi.

Abin da za ka riƙa koya kana jiran kira

Nemi Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ka karanta, tana nan a intanet. Za ka ga ta hana kama wani a madadin wani, wato ba a tsare uba don ɗansa ya gudu. Ta hana kama mutum a kan rikicin da ba na laifi ba, irin bashin kasuwa. Beli kyauta ne, kuma tsarin mulki bai yarda a ajiye mutum fiye da kwana ɗaya ko biyu ba a kai shi gaban alƙali ba. Ka koyi rubuta rahoto da Turanci mai sauƙi, domin rabin aikin caji ofis rubutu ne, kuma kurtun da ya iya ɗaukar bayani shi manya ke riƙewa kusa. Fulatanci zai yi maka rana a rugage, 'yar Faransanci kuma wajen karanta katin shaida da takardun motar Nijar. Idan kana da hali ka koyi tuƙi ka yi lasisi, domin runduna tana ɗaukar masu sana'a daban, irin su direbobi da makanikai da ma'aikatan jinya, kuma akan sassauta musu iyakar shekaru.

In sunanka bai fito ba a wannan karo, ka adana takardunka da lambar rajistarka, ka ci gaba da sana'arka ko karatunka, ka sake cikewa a zagaye na gaba muddin ba ka haura 25 ba.