Inda Cutar Dajin Gidan Ƙwai Take Farawa

Iyayenmu mata na Ƙofar Doka da kewaye, ku saurara da kyau. Kowace mace tana da gidan ƙwai biyu, dama da hagu, kowanne bai wuce girman dabino ba. Kusa da kowanne akwai bututu mai geza a bakinsa, shi ke karɓar ƙwai ya miƙa wa mahaifa.

Da can likitoci sun ɗauka duk cutar dajin gidan ƙwai a jikinsa take tsirowa. A shekarar 2001 wasu masana a ƙasar Holan suka duba bututun matan da aka yi wa aiki domin cutar ta yi yawa a danginsu, sai suka tarar da ƙwayoyin nama sun fara lalacewa a ciki. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa mafi munin nau'in cutar galibi daga gezar nan yake tashi. Ƙwayoyin sukan yi shekaru a gurɓace, ba ciwo ba kumburi, kafin su zubo kan gidan ƙwai su yaɗu cikin ciki. A wannan mataki hoton ciki ba ya ganinsu, haka ma gwajin bakin mahaifa.

Saboda haka a lura da tarihin gida. Matar da mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ta yi cutar dajin nono ko ta gidan ƙwai, ta faɗa wa likita, domin akwai lahanin da ake gado, wanda ake kira BRCA, kuma ta wajen uba ma yana biyowa. Haihuwa da shayarwa suna rage haɗarin, amma ba sa kawar da shi.

Kada kuma a firgita da kowane ƙari. Yawancin ƙullutun ruwa da hoto ke nunawa ga mace mai al'ada ba daji ba ne, wasu da kansu suke bajewa.

Abin kula shi ne dattijuwar da al'ada ta ɗauke mata, ga ciki yana kumbura har zani ya daina zagayowa, loma biyu ta ƙoshi, ga fitsari a kai a kai da nauyin mara. Sai a ce olsa ce ko sanyi, a yi ta ɗura mata jiƙo har wata shida. Kuskure ne babba, kuma maigida da 'ya'ya suna da hannu a ciki. In alamun nan suka yi mako biyu ko uku ba su lafa ba, a kai ta Asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan. In an ga abin tuhuma, za a tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, wurin likitocin mata.