Yadda za ka zaɓi firiyam idan za ka haɗa fiyezo da makirfo a jikin gurmi ko jita

Matasa da yawa a Daura suna ɗaukar kiɗan gurmi da garaya da waya, a wajen biki ko lokacin Sallar Gani, su ɗora a TikTok. Sai dai sautin yakan fito siriri kamar ana kaɗa gwangwani, hayaniyar jama'a kuma ta danne shi. Maganin da masu jita suka samo shi ne haɗa maɗaukan sauti biyu: fiyezo, wato ɗan faifan da ake liƙawa kusa da jaki ya ɗauki girgizar tsarkiya, da ƙaramin makirfo mai ɗaukar amon ƙoƙo da fata. Na'urar da ke ƙara musu ƙarfi ta gauraya su ita ce firiyam, kuma a wajen zaɓenta ake asarar kuɗi.

Abu na farko da za ka duba shi ne turjiyar mashigar sauti, wadda ake aunawa da om. Fiyezo yana buƙatar aƙalla om miliyan 1, a jikin kwali za ka ga an rubuta 1MΩ. Ramin makirfon waya kuwa bai wuce om dubu biyu da 'yan kai ba. A lissafi, faifan fiyezo mai nanofarad 15 da aka soka kai tsaye a waya zai fara zubar da duk sautin da ke ƙasa da Hz 4,800 ko kusa da haka, alhali yawancin amon gurmi a ƙasa da nan yake. A mashiga mai om miliyan 1, iyakar za ta sauko wajen Hz 10. Wannan ne dalilin sautin gwangwani, ba laifin makaɗi ba ne.

Shi kuma ƙaramin makirfo yana son 'yar wuta kafin ya yi aiki, abin da fiyezo ba ya buƙata. Don haka kada ka yarda mai gyaran rediyo ya murɗe maka wayoyinsu wuri guda. Nemi firiyam mai hanya biyu, kowace da maɓallin ƙarfinta.

Sai maɓallin da aka rubuta wa Phase. Sauti yana riga isa ga fiyezo kafin makirfo, wani lokaci sai su riƙa soke juna, kiɗan ya zama fanko. Danna maɓallin, ka saurara, ka bar shi a inda amon ya fi kauri. Ni dai ba na sayen wadda ba ta da shi.

Fishman Presys Blend tana gauraya fiyezo da makirfo, amma sai an yanke gefen jita ake dasa ta. Ga mai jita ba laifi. Ƙoƙon gurmi kuwa ba zai ɗauki wannan yanka ba, tsagewa zai yi. Gara irin wadda ake ratayawa a ƙugu, kamar ta K&K Trinity mai batirin bolt 9. Idan tsada ta hana, a Sabon Gari ta Kano ana samun ƙananan mahaɗan sauti. Tabbatar dai akwai rami mai alamar Hi-Z ko Inst domin fiyezo, kuma ka gwada da kayan kiɗanka kafin ka biya.

Wajen gaurayawa, fara da fiyezo shi kaɗai, sannan ka riƙa ƙaro makirfo a hankali. A ɗaki makirfo zai iya rinjaye. A fili, inda akwai lasifika da kalangu, rage shi sosai, in ba haka ba zai yi ta kuwwa. Fatar gurmi tana saki da damina, ta ɗaure da hunturu, saboda haka saitin watan Agusta ba zai yi maka aiki a Janairu ba. Kuma cire cajar waya lokacin ɗauka, domin ita ce ke yawan kawo ƙugin da kake ji a ƙarƙashin kiɗa.