Gonar Gado Ba Takarda, Gari Na Matsowa

Tambaya: Gonarmu ta gado tana bayan Jalingo, ba mu da takarda. Ina mafita?

Amsa: Malam, kada ku yi sake. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa amana a hannun gwamna, amma a karkara ƙaramar hukuma ke ba da shaidar mallaka. In gonar tana Ardo Kola, ku nufi sakatariya a Sunkani. In an ayyana wurin cikin birni, sai ofishin filaye na jiha.

Kafin nan, ku tara magada da mai unguwa da maƙwabtan gona. A zaga iyaka, a kafa duwatsu, a rubuta, kowa ya dangwala yatsa. Dattawan da suka san iyakar nan ƙarewa suke yi. Ku fara tun kafin damina.