Eriyar haske

Duk mai rediyo ya san amfanin eriya. In tasha ta yi nisa, murya ta dushe, sai a ja eriya, murya ta fito sarai. Aikinta ta kamo igiyar da ke yawo cikin iska, ta miƙa wa rediyo.

Haske ma igiya ne, dangin igiyar rediyo. Tsawo ne ya raba su. Igiyar tashar FM ta kai wajen mita 3. Ta hasken da ido ke gani kuwa ba ta wuce nanomita 700 ba. In an raba milimita guda gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Da yake girman eriya yana bin tsawon igiya, tilas eriyar haske ta zama mitsitsiya. Silin gashi ya fi ta kauri sau ɗaruruwa.

Da zinariya ko azurfa ake yin ta, kamar ɗan sanda. Cikin ƙarfe akwai ƙwayoyin lantarki masu yawo, sunansu elektaron. In hasken da ya dace da tsawon sandan ya faɗa masa, sai su riƙa kai da kawowa gaba ɗaya, kamar ruwa cikin ƙwaryar da ake jijjigawa. Wannan motsi shi ake kira plasmon. Ƙarfin hasken sai ya taru a bakin sandan.

Ga inda amfanin yake. Na'urar gane haske, irin wadda ke cikin kyamarar waya, da silikon ake yin ta. Silikon daga yashi ake samunsa, yana da araha. Amma in tsawon igiya ya wuce nanomita 1,100, silikon makaho ne. Alhali hasken da ke ɗauke da saƙon intanet cikin zaren gilashi ya kai nanomita 1,550. Don a gane shi, sai an nemi ma'adinai masu tsada.

A shekarar 2011, a jami'ar Rice ta birnin Houston, ƙasar Amurka, Naomi Halas da abokan aikinta suka jera ƴan sandunan zinariya bisa silikon, suka haska su da irin hasken da silikon ba ya gani. Sandunan suka kama hasken, waɗansu elektaron suka sami ƙarfi, suka tsallaka cikin silikon. Lantarki ya gudana, aka auna shi.

Sai dai lantarkin kaɗan ne ƙwarai. Yawancin hasken da zinariya ta kama, zafi ya zama, ya tafi a banza. Rage wannan asara shi ne aikin da masana suka sa gaba daga nan.

Tambayoyi

1. Don me eriyar haske ta zama ƙarama haka?
2. Nanomita nawa ke cikin milimita 2?
3. Ina sauran hasken da zinariya ta kama ya tafi?